Neman shawara: wane kayan aiki zan saya wa yarana wanda ba ya kama wuta?

Mai Sola, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Ina da ɗan shagon wayarin da haɗa sola, da yara huɗu a ƙarƙashina. Yawancin aikinmu na gidaje ne da shaguna: ɗora fanel, haɗa inbata da batir, sa canjoba. To yanzu Allah ya kawo aiki a wata masana'anta a Sharaɗa, za mu riƙa duba musu allunan rarraba wuta da janareta duk wata. Jami'in da ke kula da tsaron ma'aikata a wurin ya ce ko ƙofa ba za mu shiga ba sai kowa ya zo da kayan da ba sa kama wuta, masu lamba a jiki.

Dama abin yana raina. Kwanakin baya ɗaya daga cikin yaran yana ɗaure kan batir, sifana ta zame ta haɗa kai biyu. Ƙara kawai muka ji. Bakin sifanar ya narke, rigar ƙwallon da ke jikinsa ita ma ta narke ta manne masa a damtse. Ya warke alhamdu lillahi, amma tabon yana nan.

Na shiga kasuwa, kaina ya ɗaure. A Sabon Gari an nuna mini obarol ruwan lemo mai layin nan da ke ƙyalli da dare, mai shagon ya ce ita ce ta sefti. A Ƙofar Wambai na ga na gwanjo da aka rubuta FR a aljihu, wato wai ba ya kama wuta, da sauƙin kuɗi. Sabuwa ta waje kuwa, kuɗin guda ɗaya zai sayi na kasuwa da yawa. Wani abokina ya ce in nemi yadin in kai wa tela. Yaran kuma tun yanzu sun fara ƙorafin zafi. Sannan don Allah, irin wannan rigar tana hana wuta ta ja mutum? Masu sani a taimaka, ba na son in zuba kuɗi a banza.

Baba Mai Walda:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa yaron lafiya. Ɗana, kafin ka sayi komai, ka fara hana abin da ba ya cin ko sisi: kada wanda ya sake zuwa maka aiki da rigar ƙwallo, ko singiletin roba, ko wandon motsa jiki. Duk leda ce. Auduga in ta kama wuta ci take yi ta zama toka, ka samu ka yage ta. Ita waccan narkewa take, ta bi fata ta zauna.

Obarol ɗin da aka nuna maka, juya wuyanta ka karanta. Yawancinsu 65 foliyesta, 35 auduga. Wannan haɗin ya fi kowanne sharri, don audugar tana riƙe robar a tsaye ta yi ta ci. Layin ƙyallin don direba ya hango ka ne, ba ruwansa da wuta.

Mu tun muna yara da jins mai kauri da rigar kaki ta auduga zalla muke walda, da gaban fata da safar hannu ta fata. Ba a naɗe ƙafar wando, ba a barin aljihu a buɗe, ba a cusa wando cikin takalmi, don nan ƙwayar wuta take faɗawa ta kwanta. Ba a sa laita a aljihu. Ni a ganina wannan ya ishe ka, sauran duk cin kuɗin Turawa ne.

Injiniya na Bompai:
Baba, Allah ya ja kwana. Duk abin da kuka faɗa a kan foliyesta haka yake. Amma a kan cewa kaki ya isa, a yi mini afuwa, ga aikin da zai shiga bai isa ba. Tartsatsin walda ƙwayoyi ne da ke sauka ɗaya bayan ɗaya. Abin da ke fitowa daga allon masana'anta wani abu ne daban.

Oga Mai Sola, bari in fara da tambayarka ta ƙarshe don ita ce mai kisa. A'a. Rigar ba ta hana wuta jan mutum ko kaɗan. Wanda ya sa ta ya taɓa waya mai rai da hannu, abin da zai sami mai singileti shi zai same shi. Ka maimaita wa yaranka wannan har su gaji da ji, saboda yaro in ya sa sabon kaya sai ya ɗauka ya sha maganin wuta.

Aikinta shi ne wannan. Idan sukudireba ta haɗa sandunan jan ƙarfe biyu a cikin allo mai bolt 415 da ke kusa da taransifoma, ko ƙura da laima suka haɗa su, ko ɓera ya shiga, wutar takan tsallaka ta cikin iska. Zafin tsakiyar wannan tartsatsin yana iya kai wa digiri 19,000, alhali fuskar rana kanta wajen 5,500 ce. Jan ƙarfen yana zama tururi, ya fashe waje ta ƙofar da ka buɗe, wato kan ƙirjinka da fuskarka. Yawanci abin ba ya kai daƙiƙa ɗaya. Amma sau da yawa ba shi ne ke yin mummunar ƙunar ba, rigar da ta kama ta ci gaba da ci bayan ya wuce ita ce. Kakin Baba zai kama. Rigar da ake magana za ta ƙone ta yi baƙi ta bushe, amma da zarar tartsatsin ya ɗauke sai ta mutu da kanta. Wannan kaɗai kake saye da kuɗinka.

Yanzu lamba. FR kawai a aljihu ba ta gaya maka komai ba, kowa zai iya ɗinka haruffa biyu. Ƙyallen ciki za ka duba:

ISO 11612, da hoton harshen wuta: zafi da wuta gaba ɗaya. ISO 11611: ta masu walda. NFPA 2112: ta masu aikin mai da gas, don wutar da ke tashi farat ɗaya. Taka ita ce mai IEC 61482-2 in ta Turai ce, ko ASTM F1506 in ta Amurka ce, kuma za ka ga ATPV da adadi a gabansa, misali 8.7 cal/cm², wato yawan kalorin zafin tartsatsi da yadin ke iya tarewa. In ba wannan adadin, ba a gwada ta da tartsatsin lantarki ba. Wasu na Turai ba su da shi sai APC 1 ko APC 2, ma'ana an gwada su da amfiya 4,000 ko 7,000.

Ka kula da wani tarko. Akwai hoton walƙiya ita kaɗai da EN 1149 a ƙasa. Masu shago suna nuna shi su ce ga shi nan, ta lantarki ce. Wannan yana nufin yadin ba ya tara ɗan cajin nan da ke tsikarar mutum lokacin hunturu, don kada ya kunna gas. Shi ke nan.

Mai Sola:
Injiniya na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. To wane adadi zan nema? In sayi mafi girma kawai in huta?

Injiniya na Bompai:
Ba za ka huta ba, don mai 40 kaya ne masu nauyi da rufin kai gaba ɗaya, ba wanda zai yini a ciki. Zafin kalori 1.2 a kan murabba'in santimita ɗaya na fata ya isa ya tayar da bororo, kusan kamar ka riƙe yatsa a bakin harshen laita na daƙiƙa guda. Ƙa'idar Amurka ta NFPA 70E ta kasa kayan gida huɗu: 4, 8, 25 da 40. Mai 8 shi ne abin da yawancin masu gyaran wuta na masana'antu ke sawa kullum, kuma tare da shi dole akwai garkuwar fuska mai irin lambar, da hular saƙa da ke rufe wuya da kunne, da toshin kunne.

Amma kada ka ɗauki 8 daga bakina ka tafi. Ƙarfin fashewar ya danganta da girman taransifomarsu, da nisan allon daga gare ta, da saurin birekar wajen yankewa. Allo biyu masu bolt ɗaya za su iya bambanta nesa ba kusa ba. Koma wurin jami'in nan ka ce ya rubuta maka adadin da suke so. Wurin da ya san abin da yake yi zai kasance da takarda manne a jikin kowane allo. In ya kasa ba ka amsa, to babban allon da ke bakin taransifoma kada ka buɗe shi da wuta a ciki, ko me ka sa.

Don jan wuta kuma, safar hannu ta roba mai IEC 60903. Aji 00 har bolt 500, aji 0 har 1,000. Ni 0 nake ba da shawara, musamman da kuke taɓa layin sola. A ɗora ta fata a sama don kada waya ta huda ta. Kullum kafin aiki a naɗe bakinta a matse iska a ciki a kai kunne. In tana huci, a yanka ta a yar don kada wani ya tsinta. Safar da ake sayarwa ta ɗaukar bulo ba ta cikin lissafi. Batun batir ma, sifana mai rufin roba za ka saya, kuma a cire zobe da agogo. Bolt 48 ba ya cika jan mutum, amma amfiyar da ke cikin batir tana narkar da ƙarfe, kai ma ka gani.

Ɗan Gwanjo:
Ni sana'ata ce, bari in faɗi gaskiya ko da za ta rage mini ciniki. A dila ana samun na ƙwarai, na kamfanonin mai na waje, wasu ko sau biyar ba a sa ba. Iri biyu ne. Akwai wanda zaren kansa ne ba ya ci, kamar Nomex da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro, wanda irin zarensa ake kira aramid. Shi ko an wanke sau nawa halinsa ba ya canzawa. Akwai kuma auduga da aka yi wa magani, irin su Proban da Indura. Shi wannan in wanda ya fara sa shi ya yi ta zuba masa bilic, maganin ya lalace, kuma ido ba zai nuna maka ba. To a gwanjo wa zai gaya maka tarihin wankinsa?

In dole sai gwanjo, ɗauki mai Nomex ko aramid a rubuce, wanda ƙyallen cikinsa bai goge ba, ba huji, ba faci, ba tabon baƙin mai. Ka zo da laita. Juya rigar, yanki ɗan ƙyalle daga rarar ɗinkin ciki, riƙe da filaya ka kunna. In ya nannaɗe ya ɗiga ya bar baƙin ƙullutu mai tauri, roba ce. In ya ci da warin takarda, auduga ce zalla. In ya yi baƙi ya mutu da ka janye laitar, to da alama. Mai shagon da ya hana ka gwadawa, ka yi gaba.

Injiniya na Bompai:
Gwajin laita yana fallasa ta bogi, amma ba ya ba ka adadin kalori. Kuma Nomex mara nauyi sau da yawa adadinsa bai kai 8 ba, duk da sunansa. Ƙyallen dai za a karanta.

Abban Sadik:
Ku dai kuna wahalar da kanku. Wanda kwanansa ya ƙare ko sulke ya sa sai ya tafi. Allah ne mai tsarewa.

Baba Mai Walda:
Haka ne Abban Sadik, amma ai cewa aka yi ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Kuma ba mutuwa kaɗai ake gudu ba. Je ka ga wanda ya kwanta wata uku ana kankare masa ciwo. Injiniya, na karɓi gyara a kan allon masana'anta, ban taɓa aiki a irinsa ba. Amma a bakin walda ina nan kan bakana.

Telan Fagge:
Batun kai wa tela, ni tela ne kuma ina cewa a'a. Zaren da ke kan kekunanmu foliyesta ne. Ko ka samo yadin gaske, wuta na taɓawa ɗinkin zai narke rigar ta buɗe a daidai lokacin da ake buƙatarta. Ga zif na roba, ga maɓalli, ga shafin aljihu. Na asali da zaren aramid ake ɗinka su, zif ɗin ma a rufe yake da yadi ciki da waje. Kuma ni ban isa in manna maka lambar gwaji ba, ita ce kuwa za a duba a ƙofa. Haka in za ka sa sunan shagonka, kada ka bari a buga maka babban tambarin roba a gadon baya. In ta yage ma kada a kawo mana mu yi faci da ragowar shadda.

Maman Walida:
Sannunku da ƙoƙari. Maigidana irin kayan yake sawa a wurin aikinsa, ni ke wankewa, don haka ga nawa. Ka tara yaran ka gaya musu, ko ka gaya wa masu yi musu wanki: ba Hypo, ba kowane irin bilic, ba sitaci, ba ruwan ƙamshin nan mai sa laushi. Sabulun sanda ma a bar shi, musamman da ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishiri-gishiri, yana barin datti a jikin yadin kuma dattin yana ci da wuta. Omo kawai, a juya cikinta waje, a wanke ta ita kaɗai, a ɗauraye sosai, a shanya a inuwa.

Abin da ya fi ba ni aiki shi ne mai. Ranar da suka yi sabis ɗin janareta rigar takan dawo da dizal da giris. In aka bar shi, man ne zai kama ya yi ta ci a kan rigar, tsadarta ba za ta hana ba. Shi ya sa kowa ke buƙatar biyu, ɗaya a jiki ɗaya a igiya. In wanki biyu bai fitar da man ba, ta tashi daga aiki.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Wurinmu a kan kayan za ka ga an sa NF EN ISO 11612, lambobin ɗaya ne da naku, Faransanci ne kawai a gefe. Zancen zafi kuwa kada ka raina ƙorafin yaran. A watan Afrilu ɗakin janareta ya fi waje zafi, waje kuma ya haura 40. Yaron da zafi ya dame shi zai zuge zif har cibiya ya naɗe hannu, ka ga kuɗinka ya tafi a banza. Ni na fi son riga da wando daban a kan obarol, iska ta fi shiga, sai dai a cusa rigar cikin wando. A ciki singiletin auduga zalla. Ku yi aikin allo da sassafe, ruwan sha a kusa, wanda ya ce jiri yake ji a fitar da shi nan take.

Kuma kai mai sola ka fi ni sani, fanel ba ya kashuwa muddin rana na sama. Wutarsa in ta kama tartsatsi ba ta saurin mutuwa kamar ta layi, wadda ke sauka sifili sau 100 a daƙiƙa. Kada yaro ya zare haɗin wayar fanel, wato MC4, inbata na ja.

Nas Hajiya:
Malam Mai Sola, ka ce rigar ta manne wa yaron. In Allah ya kiyaye hakan ta sake faruwa, kada a ɓamɓare. A yanke ta gefe a bar wanda ya manne, mu za mu cire. Wanda rigarsa ta kama kada ya gudu, ya kwanta ya yi birgima. A kashe wutar lantarkin kafin kowa ya taɓa shi. Sai ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwararawa minti 20 cur. A cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura. A rufe da tsaftataccen ƙyalle ko ledar naɗe abinci.

Don girman Allah ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja, baƙin mai ko gishiri. Kullum sai mun wanke waɗannan daga ciwo, mara lafiya na ihu. Ƙunar fuska, hannu, gaɓa ko al'aura asibiti ce kai tsaye. Wanda wuta ta ja da ƙarfi shi ma a kawo shi ko da ɗan ɗigon tabo ne a yatsa, domin ɓarnar tana ciki, sai an duba bugun zuciya. In fitsarinsa ya koma kalar shayi, gaggawa ce.

Tsohon Mai Hawa Fol:
Duk an yi maganar riga, ni ga abin da na gani yana kashe mutane a aikin nan: "ai an ɗauke wuta." Ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne. Za a iya dawo da ita kana tsakiyar aiki. Maƙwabci mara canjoba zai tayar da janareta ya turo maka ita ta baya. Inbatar da ku kanku kuke haɗawa tana yin haka. A masana'anta kuma janareta na iya tashi da kansa. Kashe da hannunka, sa kwaɗonka, makulli a aljihunka, rataya takarda. Gwada mitarka a wuri mai wuta, gwada inda za ka taɓa, sake gwada mitar. Lokacin wannan gwajin ne ma ka fi buƙatar rigar da garkuwar fuska, don har ka tabbatar, allon mai rai ne. Testar nan mai ɗan ƙwai a gindi a bar ta a gida.

Abban Sadik:
To duk wannan kaya wa zai biya? Yaran?

Injiniya na Bompai:
Ogansu. Shi ya ɗauke su, shi zai tura su gaban allon. Oga, ka sa kuɗin kayan a cikin farashin kwangilar a fili, layi guda, kamfanin da ya nemi kayan ba zai yi mamakin ganinsa ba. Ka kuma bincika rajistar NSITF, hukumar inshorar ma'aikata. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya. Ba dole ka sayi na mutum biyar rana ɗaya ba. Mutum nawa ne za su tsaya gaban buɗaɗɗen allo? Su za ka fara yi wa, sauran su tsaya nesa.

Mai Sola:
Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Ga inda na tsaya. Daga gobe ba rigar roba a shagona, ko a aikin gida. Ni da babban yarona ne kawai za mu riƙa buɗe allo, don haka mu biyu zan saya wa sababbi, bibbiyu, da garkuwar fuska da safar aji 0 da kwaɗo, bayan jami'in ya rubuto mini adadin. Sauran ukun zan nema musu na gwanjo masu aramid don aikin batir da janareta. Maganar tela na janye. Ɗan Gwanjo, zan shigo ranar Asabar da laitata. Injiniya, in na ɗauki hoton ƙyallen wuyan na turo nan, za ka duba mini kafin in biya?

Injiniya na Bompai:
Turo. Ka ɗauki gaba da bayan ƙyallen, da na garkuwar fuskar ma, don ita aka fi yin ta bogi. Mai haske tas irin ta masu gurza ƙarfe ba ita ba ce. Ta gaske tana da ɗan launi, galibi kore-kore ko toka-toka, kuma adadin kalorinta yana buge a gefe.